Taswirar Da Ake Takawa

Laraba ce irin kowace Laraba. Daga baya ne Injiniya ya zauna ya harhaɗa ranar, rabi daga abin da ya gani da idonsa, rabi daga bakin waɗanda suka zo masa gaisuwa, har ya jera ta daga safe zuwa yamma yadda ya saba jera bututun ruwa a takarda kafin ya yi ritaya.

Wajen ƙarfe shida ya ji butar shayi tana kuka a kicin, ya san Auta ce ta ɗora, don ita kaɗai ce a gidan ke barin buta ta yi ta kuka sai an yi mata magana. Ita ce ƙarama cikin 'ya'yansa uku, shekararta ashirin da shida, ita kaɗai kuma ta rage a gabansu tun da yayyenta maza biyu suka yi aure suka tashi. Aikinta kula da laburaren wata makarantar firamare da ke ƙetaren layin dogo.

Bakwai saura ta fito da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Mama, kin ga makullin laburare?"

"Yana inda kika ajiye shi," in ji uwarta, ba ta ko ɗago kai daga yankan burodi ba. "Mai koya wa 'ya'yan mutane hanya, ga shi ba ta san hanyar makullinta ba."

"Ai ban zana taswirar gidan nan ba tukuna."

"To ki zana. Ki sa mana alama a inda miji yake, mu je mu ɗauko shi."

"Baba, kana jin Mama ko?"

"Ban ji komai ba," ya ce daga bayan jarida. "Duba saman firji."

A can yake. Ta sha shayinta a tsaye, ta cusa burodi a jaka, ta ce sai ta dawo. Ya tuna ya ce mata Allah ya tsare. Abin da ya kasa tunawa shi ne ko ya sauke jaridar.

Maigadin makaranta ya ce kafin takwas ta shigo, ta tambaye shi gwiwarsa, ta ce masa ya daina shafa mata man da ba a san daga inda ya fito ba. Daga nan har goma tana cikin laburare ita kaɗai. Ta buɗe tagogi, ta mayar da littattafan jiya kan kantocinsu, ta zauna da salatif da almakashi tana gyaran waɗanda yara suka yaga. Laburaren ɗaki ɗaya ne mai tsawo, kantar littattafai ta bi bango biyu, teburinta a lungu, tsakiyar ɗakin kuma fili, babu kujera ko ɗaya. Da gangan ta bar shi haka.

Ƙarfe sha ɗaya 'yan aji biyu suka zo darasin taswira. Malamarsu ce ta ba Injiniya labarin wannan sa'ar, don tana zaune a bakin ƙofa tana duba aikin gida.

Taswirar Auta ba ta bango ba ce. Wani ƙaton tamfol ne ruwan toka da ta samo wurin masu ɗinkin rumfa, in aka shimfiɗa shi yakan kusa cinye tsakiyar ɗakin. A kansa ta zana unguwannin da ke kewaye da makarantar: tituna da baƙin fenti, layin dogo da ja, rafi da shuɗi, ga gada, ga shataletale, ga asibiti da gidan mai da tankin ruwa. Ta rubuta sunan kowane wuri da hannunta, ƙananan haruffa masu ɗan karkata hagu. Kafin a fara darasi sai an ja tamfol ɗin an daidaita shi, gabas ɗinsa ya kalli tagar da rana ke shigowa da safe. Sannan yara su tuɓe takalma a bakin ƙofa su hau. Kowane yaro yana da murfin kwalba da ya shafa wa launi, shi ne gidansu, zai je ya ajiye shi a layinsu. Doka ɗaya ce a ɗakin: ba a nuni da yatsa, ba a cewa "can". Mai ba da kwatance hannunsa na baya, sai dai ya ce gabas ko yamma, kudu ko arewa.

Ranar wani yaro aka aika asibiti, wanda malamai ke kira Sarkin Tambaya. Ya tsaya a ƙofar makaranta ta kan tamfol, sauran suna ba shi hanya.

"Yi arewa!"

"Ba arewa ba, gabas! Wawa, za ka kai shi gidan mai!"

"Ba a zagi a kan titi," in ji Auta. "Sake faɗa."

Yaron ya taka har bakin shuɗin layi ya ja ya tsaya.

"Anti, in na taka rafin zan jiƙe?"

"Sharkaf ma kuwa. Nemi gada."

Ya bi ta gada yana ɗaga wando. Da ya zo wucewa ta layinsu ya sake tsayawa.

"Anti, in na tsaya a kan gidanmu, na taka mamata ke nan?"

"Shi ya sa ake tsayawa a ƙofa a yi sallama."

Ya kuwa rangaɗa sallama, aji duka suka amsa, malamarsu ta ce sai da ta ajiye jan biro don dariya.

Ƙarfe ɗaya suka ci abinci tare da malamar. Auta ta ce kanta na ɗan sara mata, ta ɗora laifin a kan hayaniyar yara, ta sha ruwa. Biyu da rabi aka tashi. Ta naɗe tamfol ɗin, maigadi ya taya ta ɗaure shi a saman motar haya, don ta ce rubutun tsakiya ya goge, za ta kai shi gida ta sabunta.

Wajen huɗu Injiniya ya ji tana kiransa daga ƙofar gida. Ya fita ya kama gefe ɗaya, ita ta kama ɗaya, suka shigo da shi baranda suna haki.

"Har yanzu makarantar taki ta ninka asibiti girma sau uku?" ya tambaya. Tun ranar da ya fara ganin taswirar yake mata wannan ƙorafi, don shi a aikinsa taswirar da ba ta bi ma'auni ba zane ce kawai.

"Baba, yara huɗu ke tsayawa a cikinta lokaci ɗaya. In na bi ma'auninka, ko babban yatsan ɗaya ba zai shiga ba."

"To a rubuta a ƙasa cewa ba a bi ma'auni ba."

"Zan rubuta cewa Injiniya bai amince ba."

Biyar ta wuce tana zaune a baranda tana garwaya fenti a gwangwani, ba ta ma kwance igiyar tamfol ɗin ba. Yana falo ya ji ta ce, "Mama, kaina," da wata murya da bai taɓa jin ta da ita ba. Kafin ya fito ta zame daga kan kujera. A asibiti likita ya ce jijiyar jini ce ta fashe a cikin kanta, ya ce irin wannan ba ya sallama, babu abin da wani zai iya yi da safe ko da rana. Ba ta farfaɗo ba. Washegari da hantsi ta cika.

Duk wanda ya san Auta tana ƙarama yakan yi dariya in ya ji aikin da ta ƙare a kai. Yarinya ce mai ɓata. Tana shekara bakwai aka aike ta sayen ashana a shagon bayan layi, sai wani tela ne ya riƙo hannunta ya dawo da ita daga can wajen tasha, ashanar na hannunta, ba ta ko yi kuka ba. Yayyenta sukan ce aiken Auta aike biyu ne, nata da na wanda zai je nemo ta. Uban yana da taswirar bututun gari manne a bangon ɗakinsa. Yakan ɗaga ta a kafaɗa ya nuna mata: ga gidanmu, ga titi, nan arewa, nan kudu. Ta gyaɗa kai. Can sai ta ce, "Baba, to yaya ruwan yake hawa bango?" Ya yi dariya ya sauke ta.

Sai da ta girma ta faɗa masa cewa har ta gama firamare tana zaton arewa wani wuri ne a wajen silin, kudu kuma ƙarƙashin ƙasa. A makonta na farko a jami'a aka ba sababbin ɗalibai taswirar harabar a takarda. Ta ɓata kamar yadda ta saba, ta gaji, ta zauna a kan matakala ta ajiye takardar a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Ga tankin ruwa a gabanta, ga shi kuma a takarda. Ta yi ta juya takardar har tankin zane ya kalli tankin gaske. "Baba," ta ce, "sai kawai duniya ta zauna daidai." Tun daga ranar ba a sake zuwa nemanta ba.

Da ta gama karatun kula da laburare ta sami aiki a makarantar, ta tarar da taswira biyu rataye can sama kusa da fanka, sun yi ƙura. Ta tambayi 'yan aji uku ina arewa, kusan duka suka ɗaga yatsa sama. Ranar ta ari tsani ta sauke su. Ba a ɗauke ta don koyar da taswira ba, babu wanda ya sa ta, babu kuma abin da aka ƙara mata a kai. Ta fara da alli a siminti, mai shara na gogewa kullum. Daga baya ta samo tamfol. Ranakun hutu takan ɗauki zanen da yara suka yi na hanyar gidansu ta bi da ƙafa, ta ga ko zai kai ta. In bai kai ta ba, ta dawo ta ce wa mai zanen, "Ka ɓatar da ni a bayan gidan mai. Gyara." Shekara uku tana wannan, kuma kusan kullum sai ta kawo labarinsa kan teburin cin abinci, har uwarta ta ce ta san 'yan aji biyu fiye da jikokinta.

Bayan an watse daga zaman gaisuwa, tamfol ɗin ya ci gaba da zama a baranda a naɗe, jikin bango. Uwar takan share gefensa ta wuce. Babu wanda ya ce a ɗauke, babu wanda ya ce a bari.

Wata safiya da matarsa ta fita, Injiniya ya jawo shi falo. Ya ture kujeru, ya kwance igiyar, ya shimfiɗa. Falon bai ɗauke shi ba, gefe ɗaya ya hau kan kushin. Ya durƙusa ya fara karantawa daga kusurwa. Tankin ruwa. Gidan mai. Layin masu gyaran keke. A nan ne ya lura da abin da bai taɓa tunani a kai ba: ba shi da rubutun hannun 'yarsa. Komai nata a waya yake, littattafanta na makaranta kuwa tun tuni aka rabar. Duk abin da hannunta ya bari mai yawa, ga shi nan a ƙarƙashin gwiwarsa. Ya ga kuma yadda ƙafa ke cin sa. A gefe-gefe haruffan na nan baƙi wuluk, amma a tsakiya, wajen ƙofar makaranta inda kowane yaro ke fara tsayawa, sai ka sunkuya kafin ka gane abin da aka rubuta. Har sawun ƙananan ƙafafu na nan da ƙura, na ranar Laraba. Babban ɗansa ya zo ya ɗauki hoton taswirar da waya ta kowane gefe, ya tura masa. Injiniya ya duba hotunan sau ɗaya. A hoto ba a jin tudun fentin a yatsa.

Bayan wasu makonni shugabar makarantar ta zo gidan. Mace ce mai natsuwa, ta manyanta, ta kuma yi kuka na gaske ranar rasuwar. Ta gaishe su, ta sake yi musu ya haƙuri, sannan ta kawo abin da ke tafe da ita.

"Ranka ya daɗe, malamai sun zauna. Muna so mu karrama ta. In kun yarda ku dawo mana da taswirar, za mu sa kafinta ya yi mata firam da gilashi, mu kafa ta a babban bangon laburare, a rubuta sunanta a ƙasa. Ko bayan shekara ashirin duk wanda ya shigo zai gani."

Shawarar ta kwanta wa Injiniya. Bai so ya riƙe abin yara a gidansa, bai kuma so ƙafa ta cinye shi. Ga hanya ta samu.

"Malama, mun gode," ya ce. "Hakan ya yi."

Da baƙuwar ta tafi, matarsa ta tashi. Tana kwashe kofuna ta ce, "Injiniya, a bango fa ta ce."

"Na ji."

"Taswirar Auta. A bango."

"Auta ba ta bar wasiyya a kan tamfol ba."

"Ta bari mana. Shekara uku tana barinta a kan teburin nan, kana cin abinci kana ji."

Ya cire tabarau ya goge. "In suka ci gaba da takawa, kafin shekara ta zagayo babu sauran rubutunta a tsakiya. Na duba kaurin fentin."

"Ni ma na duba, ba da ma'auni ba." Ta tsaya da tire a hannu. "Kana zaton ni ba na so ya zauna? Ni na koya mata riƙe fensir."

Ya mayar da tabaraunsa.

"Kai ne ubanta," ta ce. "Ka yi abin da ka ga ya dace. Amma ni ba zan je kallo ba."

Ranar da aka sa, shi kaɗai ya tafi da tamfol ɗin a bayan mota. Bai taɓa shiga laburaren ba sai ranar. Ya ga teburinta a lungu, an ɗora masa tulin littattafan da ba a mayar ba. Ya ga tagar gabas. Kafinta ya riga shi zuwa da tsani, wani mai fara'a da fensir a bayan kunne. Ya ce kafin ya yanka katako sai ya ga yadda abin zai zauna, don haka shi da maigadi suka ɗaga tamfol ɗin, ya kafa ƙusa a kusurwa biyu na sama, suka sake shi ya sauko. Ya rufe bangon tun daga kusa da silin har ƙasa.

"Kai, wannan aiki ne," in ji kafinta daga kan tsani. "Ga ma layinmu. Baba, gilashin nan sai an yi shi gida huɗu, babu motar da za ta ɗauko shi guda."

Shugabar makaranta ta ja da baya tana kallo, idonta ya kawo ruwa. Injiniya ma ya ja da baya. Ya yi kyau, babu ƙarya. Karo na farko ke nan da ya ga taswirar gaba ɗayanta a kallo ɗaya.

Sai aka kaɗa ƙararrawa. Babu wanda ya tuna cewa ba a canja jadawali ba, kuma sa'ar 'yan aji biyu ce. Tun bayan rasuwar malamarsu ke kawo su su yi karatun shiru. Amma yau wani ya hango an shigo da tamfol, labari ya zaga aji. Suka iso da gudu, suka tuɓe takalma a bakin ƙofa ba tare da an ce musu ba, suka jera su a jikin bango, suka shigo. Da yawansu da murfin kwalba a hannu. Ashe sun ajiye su duk tsawon makonnin nan.

Suka tsaya a kan siminti, ƙafa ba takalmi, suna kallon sama.

Wani yaro mai manyan idanu ya matso kusa da Injiniya. Ba sai an faɗa masa ko wane ne ba.

"Kai ne baban Anti?"

"Ni ne."

"Ka tsufa."

"Kai!" in ji malamarsu.

"Ƙyale shi, gaskiya ya faɗa," in ji Injiniya.

"To me ya sa aka tayar da garin tsaye?"

Injiniya ya dubi bangon. Malamar ta yi sauri ta shiga tsakani, ta tafa hannu.

"To, ku natsu. Ku nuna wa Baba abin da Anti ta koya muku. Yau an yarda a yi nuni. Ina arewa?"

Rabin ajin suka juya suka nuna ƙofa, inda arewa take. Sauran suka kalli kibiyar arewa da Auta ta zana a kan tamfol, wadda yanzu take kallon silin, suka ɗaga yatsa sama. Gardama ta kaure.

"Ƙofa ce!"

"Ga kibiya nan, makaho!"

"Da can ne ƙofa, yanzu ta koma sama!"

Ana cikin haka wata 'yar ƙaramar yarinya ta ratsa ta je jikin bango. Layinsu na ƙasa-ƙasa, inda hannunta ke kaiwa. Ta ɗora murfinta mai ruwan ɗorawa a kan gidansu, ta danna da yatsa, ta saki. Murfin ya faɗo, ya gangara ƙarƙashin kantar littattafai. Ta durƙusa tana leƙe.

Injiniya ya tsaya yana kallon yaran da yatsunsu ke sama. Makonni kaɗan ke nan da rasuwarta, ƙusa biyu kawai aka kafa.

"Malam kafinta," ya ce, "sauko da shi."

"Na'am, Baba? Ban gama awo ba."

"Ba sai ka gama ba. A yi haƙuri, na sa ka wahala."

Shugabar makaranta ta matso ta rage murya. "Ranka ya daɗe, ka yi tunani. Yaran nan ba su da tausayin fenti. In aka mayar da shi ƙasa, rubutun ba zai kai baɗi ba."

"Na sani, Malama."

"Ko mu shimfiɗa leda mai kauri a kai?"

Ya ɗan yi tunani, don ya so ƙwarai ya ce to. "Za su zame," ya ce. "Wani zai fasa kai."

"To wa zai koyar? Ba mu sami wadda za ta maye gurbinta ba."

"Ni na zauna a bakin ƙofar nan shekara biyu ina kallo," in ji malamar aji biyu. "Ba zan yi kamar ita ba, amma na san yadda ake farawa."

Kafinta ya zare ƙusoshin, tamfol ya sauko da nauyi, ƙura ta tashi. Yaran ba su jira umarni ba. Suka kama gefe-gefe suna ja suna ihu, wannan na cewa a ƙara juyawa, wancan na cewa ya wuce, har gabas ta kalli taga. Maigadi ya sa sandar tsintsiya ya zaro wa yarinyar murfinta. Injiniya ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Ya ga ƙafa ta farko ta sauka a kan ƙofar makaranta, daidai kan abin da ya rage na haruffan, sai ta biyu, sai ta uku. Bai kau da kai ba, ya kalla har aka aiki wani gidan mai ya dawo. Sannan ya je mota ya ɗauko gwangwanayen fenti uku da buroshinta, waɗanda ya zo da su don a ajiye a ƙarƙashin firam, ya miƙa wa malamar.

"In ya goge, a sake rubutawa," ya ce.

"Hannuna ba shi da kyau irin nata, Baba."

"In dai yara za su iya karantawa, ya isa."

Da ya koma gida matarsa tana baranda tana tsince shinkafa. Ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa.

"An kafa?"

"Yana ƙasa."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "Akwai shayi a fulas."

Ya koma makarantar sau ɗaya, gab da ƙarshen shekara. Tsakiyar tamfol ɗin duk hannun malamar aji biyu ne yanzu, manyan haruffa masu ƙiba. An ƙara wani sabon layi a bayan gada. Rubutun Auta ya rage a gefe-gefe, wajen tankin ruwa da ƙarshen layin dogo, inda babu gidan kowa, don haka ba a cika takawa ba.

Sauran kayanta ba su ba da wahala haka ba. Uwar ce ta buɗe ɗakin, ta kira 'ya'yan ƙannenta mata, kowace ta ɗauki abin da ya yi mata daidai cikin tufafi da takalma. Littattafanta na labarai an kai laburaren cikin kwali biyu. Wayar tana wurin babban yayanta, ya kwashe hotunan ya rarraba wa kowa. Gadon da katifar an kai gidan ƙaramin yayan, 'yarsa ta fari ke kwana a kai. Mayafi ɗaya uwar ta cire ta ajiye a ƙasan akwatinta, ba ta wanke shi ba. Injiniya bai zaɓi komai ba. Da aka gama kwashewa sai aka ga wata koriyar laima a bayan ƙofa, ƙarfenta ɗaya a karye, babu wanda ya ce yana so. Ya ɗaure ƙarfen da waya. Da ita yake fita in hadari ya haɗu.